Gabi a tsakiyar marka: kwana uku a gidan mai jigida

A zaman shugabannin ƙungiyoyi da muka yi bayan Babbar Sallah, maganar da ta fi cin lokaci ita ce ta rancen masu sana'ar hannu. Ana ba mace kuɗi a watan Yuni, Agusta ya zo ba ta biya ba, sai a shiga cin tara da ɓacin rai, wata ma ta daina zuwa zubi don kunya. Wasu suka ce sakaci ne, wasu suka ce kasuwa ce ta mutu. Da gardama ta ƙi ƙarewa aka ce to a je a gani da ido. Mu huɗu aka tura Gabi, don akwai ƙungiya a can da ke da wata dattijuwa mai shirya jigida da abin wuya, matar gidan maƙeran fari, wadda aka ce ta fi kowa sanin wannan ciwo.

Ba za mu rubuta sunanta ba, kuma ba za mu faɗi unguwarta ba. Ita ta roƙi haka, kuma in kun karanta zuwa ƙasa za ku ga dalili. Inna muke ce mata, haka za mu ci gaba da kiranta a nan.

Daga Maraɗi muka yi kudu, muka wuce lambunan Jiratawa inda zogala ke tsaye layi-layi, muka isa Madarunfa da hantsi. Tabkin ya cika ya batse. Wadda ba ta taɓa zuwa ba a cikinmu ta so a tsaya ta ga kaburburan waliyyai 99 da ake zuwa ziyara a kewayensa, amma hadari ya haɗo ta gabas, direba ya ce ko mu tafi yanzu ko mu kwana nan. Daga Madarunfa zuwa Gabi ba nisa a rani. A marka kuwa hanya sai yadda ruwa ya ga dama, wani wuri mota ta bi, wani wuri a sauka a hau kabu-kabu a ɗage zane. Gulbin Gabi, wanda a watan Maris yara ke wasa a cikin yashinsa, ya kawo ruwa ja wur yana gudu zuwa tabki.

Ƙasar tana da kyau a wannan lokaci, wannan kam ba a musu. Hatsi ya fi mutum tsawo, dawa ta yi duhu, gyaɗa da wake sun rufe ƙasa, kalgo da sabara da manoma suka bari a gonaki sun yi lif. Gawo ne kaɗai ke tsaye tsirara, ba ganye ko ɗaya, kamar yadda ya saba in ruwa ya sauka. Can kudu da yamma ga duhun dajin Babban Rafi, inda itacen girkin Maraɗi da yawa ke fitowa, inda kuma tsofaffi ke ba da labarin giwaye. Bayansa Najeriya ce, ƙasar Katsina.

Mun tarar da Inna ba ta gida, tana garka. Wannan shi ne abu na farko da muka koya: wanda ya zo neman mai jigida da safe a damina, to ya nufi bayan gari. Garkar ba ta da girma, an kewaye ta da ƙaya da kara, amma babu tafin hannu guda da ke zaune banza. Kuɓewa a tsakiya, yakuwa da rama a gefe, lalo ya fito da kansa an bar shi, kabewa ta hau shinge, barkono a kusurwa, zogala biyar da ake yanke wa kai don kada su yi tsawo su fi ƙarfin hannu. Ta ɗago ta gan mu, ta ce, "Maraba da mutanen birni. Kun zo ganin azurfa kun iske kuɓewa. Ku zamna, ɗiyana, in ƙare wanga layi."

Ranarta a damina haka take tafiya. Bayan sallar asuba garka, don a tsinke kuɓewa tun tana ƙarama kafin rana ta yi. Da hantsi ta wuce gamanarta, ƴar gonar da maigida ya yanka mata, inda ta sa gyaɗa da riɗi. Maimai ya wuce, amma ciyawar marka ba ta san an gama noma ba. Sai bayan azahar, in an ci abin da aka samu, take shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa ta jawo faifan duwatsu. Awa biyu, in ta yi yawa uku. Da la'asar sakaliya haske ya rage, idonta ba ya ganin ramin tsakiya, sai jikoki su karɓi zare su riƙa zura mata. In hadari ya taso kuwa an tashi ke nan, don iska ɗaya ta isa ta watsa aikin mako cikin yashi.

Faifan nan mun daɗe a kansa. Akwai ƙananan duwatsun kwalba masu launi-launi, ƴan Chana, da ake saye da awo. Akwai jigidar roba baƙa da ja mai faɗi kamar ƙwayar kuɗi. Akwai murjani na gaske guda bakwai da ta ƙulle a tsumma daban, gadon uwarta, ba na sayarwa ba. Ta nuna mana yadda ake gane murjani da na roba: a sa a haƙori, a ji sanyinsa da nauyinsa a tafin hannu. Zaren auduga ta daina aiki da shi tuntuni, gumi da danshi na cinye shi, yanzu zaren fatsa take sa wa jigida, ta ninka biyu ta ƙone bakin da ashana. Awarwaron tagulla kuwa damina ba ta ƙaunarsu, kwana kaɗan su yi kore. Ruwan tsamiya da toka take goge su da shi, ta shanya, ta naɗe a tsohon zane ta sa cikin kwalla mai murfi.

Maƙerar gidan tana zaure, kuma a rufe muka same ta. Ɗanta ne ke ƙira tun da maigida ya tsufa. Zuga-zugi na rataye, uwar maƙera ta yi tsatsa-tsatsa, ɗan gawayin ƙirya da ya rage ya sha danshi. Ya ce mana, "Iya, damana ta maƙeran baƙi ce. Su ke gyaran hauya da galma tun watan bakwai, mu maƙeran fari sai mu bi su gona." Zobe ɗaya ya ƙera tun Sallah, shi ma gyara ne. Inna ta yi dariya ta nuna gawon da ke bayan katanga. "Sana'armu ga ta can. Kowa na kore muna tsirara. Ku dawo da rani ku ga ganye."

Lissafin a fili yake in mutum ya zauna ya yi shi. Kayan ado biki ke sayar da su, biki kuma sai an yi kaka, an sayar da wake da gyaɗa da aya, kuɗi sun shigo hannu. Daga Nuwamba zuwa azumi nan ne kasuwarta. Sallah ma tana taimakawa, amma Sallah tana ja da baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Babbar Sallar 2025 ta faɗo farkon watan Yuni, ta 2026 kuma a Mayu. Wato shekaru masu zuwa damina za ta riƙa zuwa ba Sallah ko ɗaya a cikinta, sai Mauludi, wanda bai kai su ciniki ba. Duk ƙungiyar da ke da masu kitso, masu lalle, masu ɗinki da masu kayan ado, ta sa wannan a ranta.

Sai dai ba rashin masu saye ne kaɗai ba. A watan Agusta kayan ado juyowa suke yi, su dawo inda suka fito. Muna zaune rana ta biyu wata mata ta yi sallama, ta ƙi zama, ta ja Inna ɗaki. Da ta fita Inna ta buɗe hannu ta nuna mana: munduwar azurfa guda biyu, tsofaffi, irin waɗanda aka ƙera da liyari. Ƴan matan yanzu ba su san liyari ba. Kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya mai hoton wata sarauniya, Mariya Tereza, kowanne an buga masa shekarar 1780 ko da yaushe aka yi shi, nauyinsa giram 28. Fatake suka kawo shi ƙasar Hausa, maƙera suka riƙa narkar da shi suna yi wa kakanninmu munduwa da zobe. Asusun matan da ke nan kafin a san akwati mai makulli uku. Mai munduwar rumbunsu ya ƙare tun Yuli, ga yaro kwance da zazzaɓi, ga tiyar hatsi ta yi tsadar da takan yi kafin sabo ya fito.

Inna ba ta saya ba. Ta auna a ɗan sikelinta, ta ba matar jika goma sha biyar, ta ƙulle munduwar a tsumma ta sa alama da jan zare. In an yi kaka matar ta kawo kuɗin ta karɓi kayanta. Muka tambaya nawa take ɗorawa. Ta ce, "Mi zan ɗora? Tare munka yi wasan gaɗa da uwatta. In na saye yau da arha, gobe da wane ido zan gaishe ta wurin suna?" Ta jawo kwallar ta buɗe. Ƙulli tara muka ƙirga, kowanne da launin zarensa.

To a nan ne muka gane inda rancen ƙungiya ya shiga. A watan Yuni ta karɓi jika hamsin da sunan sarin duwatsu. Ta sari na jika goma sha biyar, sauran kuwa ga su nan a cikin kwalla, sun zama tuwo a gidaje tara. Ba ta ci kuɗin ba, ba ta ɓatar ba, kuma azurfar da ke hannunta ta fi su daraja. Amma ba za ta iya biya ba sai Oktoba, alhali wa'adin ƙungiya wata biyu ne.

Mun yi gardama a kan wannan da dare, mu huɗu, a ɗakin da aka sauke mu. Ɗaya daga cikinmu, wadda ta shekara tara tana riƙe da littafin ƙungiyarsu, ta ce alheri ne amma da kuɗin mutane aka yi shi, kuma ba a shawarce su ba. In ɓarawo ya shiga ya ɗauke kwallar fa, wa zai biya, Inna ko akwati? Gaskiya ta faɗa. Kuɗin akwati na mata talatin ne, har da waɗanda su ma rumbunsu ya ƙare ba su da munduwar kaiwa jingina. Mu dai abin da muka tsaya a kai shi ne, laifin Inna ɗaya ne, rashin faɗa wa ƙungiya tun farko. Sauran laifin na wa'adin ne, da aka yanka shi kamar kowace sana'a kowane wata take kawo kuɗi. Mai ƙosai tana juya jarinta kullum. Mai jigida sau ɗaya take juya shi a shekara, da kyar sau biyu.

Maganar ɓarawo kuma ba zance ne na wasa ba a Gabi. Shekarun nan ƙauyukan bakin iyaka na Madarunfa sun sha fama da ƴan bindiga masu satar shanu da ɗaukar mutane don kuɗin fansa, kuma dajin da ke ba da itace shi ne ke ba su mafaka. Tsofaffi sun ce ba yau dajin nan ya fara ba: bayan jihadi, da sarakunan Katsina na Haɓe suka baro birninsu suka kafa Maraɗi a farkon ƙarni na 19, tsakanin garuruwan biyu filin hari ne shekara da shekaru. Abin da ya shafi sana'ar Inna shi ne mata sun daina sa abin da ke ƙyalli. Wadda ke da ɗan kunnen zinariya ta ɓoye, ta sa na roba. Ba mai son a ce gidan wane akwai abin hannu. Amaren ƙauye ma yanzu iyaye kan ce a rage azurfa a ƙara tukwane. "Jigida ce ta riƙe ni," in ji Inna, tana ƴar dariya ƙasa-ƙasa. "Ita ba a ganinta a hanya. Mai ganinta mutum ɗaya ne, shi kuma ba ya kai rahoto daji." Muka yi ta dariya har jaririn gidan ya farka.

Sari ma ya canza. Da can ɗanta kan tsallaka Jibiya, wani lokaci har Kano, Kasuwar Kurmi, ya auno duwatsu da waya da maƙalai. Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Faɗuwar naira ta sa kaya sun yi sauƙi ga mai sefa, amma sauƙin kaya bai hana tsoron hanya ba. Yanzu sau da yawa a Maraɗi take saye, hannu na biyu, ribar ta ragu.

Yanzu bari mu zo kan baƙi, don wanda bai ƙirga bakunan gidan nan ba bai fahimci komai ba. A rani mutum bakwai ke cin tukunyar Inna. Ranar da muka isa goma sha shida ne, ban da mu. Ɗiyarta ta fari ga mijinta ta zo wankan jego daga Maraɗi, kullum safe da yamma ana dafa ruwa da ganyen darbejiya, ana dama kunun kanwa, itace na tafiya kamar ana ƙona kuɗi. Jikoki huɗu sun zo hutun lakwal, ba za su koma ba sai Oktoba. Sannan ga ƙanwarta da ke aure a wani ƙauye ta wajen Katsina, ta zo da yara uku tun kafin azumi da sunan gaisuwa. An kai wa ƙauyensu hari, mijin ya tafi neman aiki kudu, ita kuma ba inda za ta koma. Ba wanda ke kiranta ƴar gudun hijira, ba ta cikin littafin kowa. Baƙuwa ce ta zo ganin yayarta. An ce baƙo raɓa ne. Inna ta ce nata raɓar ta zama marka, kuma ta faɗa ne a gaban ƙanwar, suka yi dariya tare, ƙanwar tana share ido da bakin mayafi.

Garkar nan ita ke ɗauke da wannan taro. Da rana kwaɗon zogala ko na tafasa da ƙuli-ƙuli, an barbaɗa ɗan gari don ya zauna a ciki. Da dare tuwo da miyar kuɓewa ɗanya ko yakuwa, tuwon ba ya kai na rani kauri, amma miya ba ta yankewa. Abin da ya yi saura na kuɓewa ana yankawa a shanya in rana ta leƙo, wani a kai kasuwa. Kuɗin zubin Inna na mako-mako, dala hamsin, daga kuɓewa da barkono yake fitowa tun watan Yuli, ba daga faifai ba. Ta ce da ba don garka ba da tuni ta cinye murjanin uwarta.

Baƙin ma ba zaune suke ba, kada a ɗauka nauyi ne kawai. Ƙanwar ta karɓe surfe da daka gaba ɗaya, kuma ta fi Inna iya haɗa launi, irin na wajen Katsina, fari da shuɗi da ɗigon ja, wanda ƴan matan Gabi suka fara tambaya. Jikoki mata biyu sun koyi zura duwatsu, babbar har tana ƙulla bakin jigida da kanta. Mai jego ta ɗauki hoton kaya da wayarta ta tura wa matan unguwarsu a Maraɗi ta WhatsApp, an yi odar guda goma sha ɗaya na bikin bayan kaka. Amma fa duk wadda ta zo barka ko dubiya daga nesa, ba ta tafiya hannu sake: a ƙulla mata kuɓewa busassa, a zaro jigida ɗaya a ce ta kai wa ɗiyarta. Mun ƙirga uku sun fita haka a kwana uku. Da mai littafinmu ta ce, "Inna, wannan ai jari ne kike rabawa," sai ta ce, "Zumunta a ƙafa take, ɗiyata. Wadda ta taka ruwa ta zo, ba ni sallamarta da baki."

Rana ta uku ta dace da zaman ƙungiyarsu, a gidan shugaba, bayan la'asar. Tsarin dai irin namu ne, wanda ya faro a nan jihar Maraɗi a 1991 da sunan Mata Masu Dubara kafin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa: akwatin ƙarfe a tsakiya, masu makulli uku, kowa ta zuba nata a gaban kowa. Inna ta tashi da kanta ta faɗi inda kuɗin suke, ba ta ambaci sunan kowa ba, ko da yake daga yadda wasu suka sunkuyar da kai mun san masu zaren suna wurin. Aka yi ta magana. Wata matashiya ta ce in an ɗaga wa Inna, ita ma mai ɗinki ce, a ɗaga mata. Aka ce da gaskiyarta.

Abin da suka yanke kafin magariba ga shi. An ɗaga wa Inna zuwa ƙarshen Oktoba ba tara, amma za ta riƙa biyan ɗan abin da ake ɗorawa kowane wata. Kwallar jingina za ta bar ɗakinta, a raba ƙullin gida uku wurin masu makulli, sakatariya ta rubuta nauyin kowanne. Daga baɗi rancen masu sana'ar biki sai ƙarshen Satumba za a fara ba da shi, wa'adin wata huɗu. Sannan in an yi kaka za su sayi hatsi da wani kaso na akwati su ajiye, don wadda ta matsu a Agusta ta ranci tiya maimakon ta kwance munduwa. Wannan na ƙarshe an daɗe ana ja a kansa, saboda ruwan ƙarshen Agustan 2024 da ya rushe gidaje a Maraɗi ya tsorata kowa game da ajiya a ɗakin ƙasa. Aka bar maganar wurin ajiya sai zama na gaba.

Ba mu ce kowace ƙungiya ta kwafi na Gabi ba. Ƙungiyar cikin birni da mafi yawanta masu abincin sayarwa ne ba ta da wannan matsala. Amma muna roƙon kowace sakatariya ta buɗe littafinta ta duba waɗanda suka makara biya shekara biyu da suka wuce, ta rubuta sana'ar kowacce da watan da ta karɓa. A zo da takardar zaman shugabanni na wata mai kamawa.

Da safe ɗan Inna ya raka mu bakin gulbi, ruwa ya ɗan janye. A hanya ya karyo kan hatsi ɗaya ya murza a hannu ya duba, ya ce saura kwana goma sha biyar a ci tumu. Masu son jigida ko abin wuya na bikin kaka, su faɗa wa shugabar ƙungiyarsu da wuri a haɗa oda wuri ɗaya, a auno ƙugu da zare a ƙulla, don Inna ba ta aiki da santimita.